Kabiru, Kafin Ku Isa Zangon Farko

Fagge, Kano
Ranar Laraba, bayan azahar

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka a inuwa, jikinka lafiya, kekenka lafiya, abokin tafiyarka ma lafiya. Allah Ya tsare ku daga sharrin hanya, na fili da na ɓoye, Ya dawo mini da ku gida da ƙafafunku.

Na ba Innarka takardar ta cusa a ƙunshin ƙuli-ƙuli, don na san ka, kome za ka iya mantawa ban da ƙunshin abinci. Ina tsammanin wajen Kura za ka ci karo da ita, in kun sauka shan iska. Ka koma gefe ka karanta kai kaɗai, ka kuma kai ƙarshenta tun kafin ku isa inda za ku kwana. Wannan umarni ne, ba shawara ba.

Har yanzu ban gama dawowa hayyacina ba. A bakin tela na fara jin labarin tafiyarka, Kabiru. Na shiga Kwari ranar Litinin neman yadi, sai wani mai ɗinki ya ɗago kai ya ce, "Malam Isa, ashe ɗanka Anaca zai tafi a keke? Ga jakunkunansa nan ina ɗinkawa." Na ce wane ɗan nawa? Ya ce malamin makaranta mana. Na tsaya riƙe da yadin mutane ban san na riƙe ba, sai da mai kanti ya tambaye ni ko in yanka ne ko in ajiye. Kullum safe da yamma kana durƙusawa kana gaishe ni, ashe da wannan a cikinka, tela ya riga ni ji.

Da ka zo da yamma ka tabbatar mini, ka ce kai da Obinna ɗan gidan Matiyu mai gyaran keke na Sabon Gari za ku bi Zariya, ku hau Jos, ku gangara Makurɗi, ku ƙetare Binuwai har garinsu can kusa da Anaca, na buɗe baki zan hana ka. Sai ka ce, "Baba, ai hanyar da kuka bi ce ku da Baba Matiyu. Tun ina yaro nake jin labarin a bakinku." Ka lura ban ce maka komai ba sai Allah Ya kiyaye hanya, na shige ɗaki.

Gaskiyarka, mun bi ta shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce. Amma labarin da kuke ji a tsakar gida wankakke ne. Na tsince duk inda na yi wauta, na kuma haɗiye inda na yi abin kunya. Ba zan iya duban idonka in faɗa ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba motocin gyaɗa nake ji maka ba, ba kuma ɓarayi ba, duk da ina jin tsoronsu. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ku fita kuna abokai, ku dawo kamar yadda ni da Matiyu muka dawo, gaisuwa kawai ta rage a tsakani.

Kai ka taso ka gan mu dattawa biyu masu girmama juna. Da ba haka muke ba. Lokacin ina sabon akawu a wani kanti a nan Fagge, shi kuma ya zo daga kudu yana saurayi, ya kafa rumfar gyara a bakin kasuwar Sabon Gari. Kekena na farko shi ya haɗa mini daga tarkacen kekuna uku. Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan birni, ga tsokana. In na tashi daga kanti a rumfarsa nake zama, mu ci rogo da ƙuli a takarda ɗaya. Isa yake kirana kai tsaye, ba Malam ba komai. Da ya ce zai je ganin mahaifiyarsa, ni ne na ce mu bar jirgin ƙasa ga masu ciwon ƙafa, mu hau keke mu ga ƙasa.

Wautata ta farko tun daga ƙofar gida ta fara. Na sha babbar riga mai aiki, wai don a san ɗan gidan malamai ne ya fito. Matiyu ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Isa, ɗaurin aure za mu?" Na ce ya bar ni, shi da yake yawo da gajeren wando kamar ɗan sanda. Ba mu kai Kura ba iska ta cika rigar, na kumbura kamar buhun auduga, ina tuƙi keke na komawa baya. Can sai gefen rigar ya shige wayoyin ƙafar baya. Keken ya tsaya cak, ni ban tsaya ba. Haƙorin nan nawa mai gibi da nake ce muku a gangaren Jos na samo shi, ƙarya ce, a gaban masu tallan fura na samo shi, suna ta yi mini sannu suna danne dariya. Saboda haka taguwa za ka sa, ka ɗaure bakin wandonka na dama don kada sarƙa ta kama. Riga mai kyau guda ɗaya ta isa, ka naɗe ta a jaka saboda Juma'a da gaishe da manya.

Ranar nan dai, don in wanke kunyar faɗuwa, na dinga tsere da shi har rana ta take. Washegari na kasa zama a kan sirdi. Ba zan yi maka bayani ba, za ka gane da kanka in ka yi taurin kai. Kwana uku ina tuƙi a tsaye, in na yi sallah sai na lallaɓa wajen zaman tahiya. Matiyu ne ya samo man kaɗanya wajen wata tsohuwa, ya miƙo mini yana kallon wani wuri don kada in ji kunya. Ka tafi a hankali kwana ukun farko, ko da ka ji ƙafarka tana neman gudu. Ku tashi da an sallame asuba, ku ci hanya da sanyin safiya, in rana ta zo tsakar ka ku sauka ku nemi gindin bishiya sai an yi la'asar. Duk inda kuka sauka ka wanke wandon ciki ka shanya. Innarka ta sa maka man kaɗanya a ƙaramin gwangwani, ba na miya ba ne.

Wauta ta uku ta fi waɗannan muni, kuma na ɗauka a lokacin hikima ce. Muka raba kaya don nauyi: famfo da faci da sholisho da sifana a wurinsa, gorar ruwa da guzuri a wurina. Bazara ce. Wata rana da hantsi na ga hanya ta miƙe, na taka na bar shi a baya, ina so in isa gari in zauna in jira shi in yi masa dariya. Ƙaya ta huda mini taya a wani fili da ko inuwar akuya babu. Ni ga ruwa ba famfo, shi can ga famfo ba ruwa, kuma ashe sarƙarsa ta tsinke yana ta fama. Sai bayan azahar na hango shi yana tahowa, leɓɓansa sun tsattsage, idonsa ya faɗa. Na miƙa masa gora da sauri. Ya ce, "Bari in ga tayar tukuna, kada sholisho ya narke a jaka." Sai da ya manna facin ya sha. Kowannenku ya ɗauki ruwansa da famfonsa, nauyin bai kai wahalar ba. Kuma kada nisan da ke tsakaninku ya wuce inda ƙarar ƙararrawa take kaiwa.

Sauran ƙanana ne, amma su ke kashe mutum. Kada ka kama bayan mota a hawa, na kama sau ɗaya, direba ya taka birki, na sumbaci katako. In ka ji babbar mota tafe ka sauka gefe gaba ɗaya, direbobin nan ba su ɗauki mai keke mutum ba. In kun haɗu da garken shanu ku tsaya su wuce, kada ka kaɗa musu ƙararrawa. Gangaren Jos ka sauka ka tura, robar birki tana cinyewa ba ka sani ba. Kowace safiya ka matsa taya, ka girgiza ƙafafun keken, ka ɗiga wa sarƙa mai. Ka duba lambar kekenka tana nan daram saboda 'yan doka. Wajen Binuwai akwai ƙudan tsando, ka rufe wuyanka. Ka yi ƙasaru, Allah ne Ya sauƙaƙa wa matafiyi, ba sai ka nuna maSa ƙarfi ba.

Duk wannan Obinna zai iya koya maka, ya ma fi ni sani. Abin da ya sa na zauna rubutu yanzu zan faɗa.

A hanyar nan babu masauki sai zauren mutane. In rana ta yi sanyi kun isa gari, zauren mai gari ko na liman za ku nema. Za ka yi sallama, a ba ka ruwa, a tambaye ka daga ina, ɗan wane ne. Kwana na uku da fitarmu muka isa wani gari bayan Zariya, ba zan faɗi sunansa ba don mutanensa ba su yi laifi ba. Na shiga zauren liman na faɗi sunan mahaifina, kakanka. Ashe a gabansa limamin ya yi karatu shekara da shekaru. Tsohon ya miƙe da kansa ya kama hannuna, ya sa aka shimfiɗa mini buzu kusa da nasa, ya aika a kama zakara. Zauren cike yake da dattawa masu jiran magariba, kowa yana leƙen ɗan Malam. Tun da nake ba a taɓa girmama ni haka ba, kaina ya yi girma har na ji hular ta matse ni.

Matiyu yana tsaye a ƙofa riƙe da kekunanmu biyu, da gajeren wandonsa da malafa, yana jiran in gabatar da shi. Liman ya nuna shi da carbi ya ce, "Wannan fa, ɗan Malam?"

Na dubi dattawan nan, na dubi gwiwoyin Matiyu a waje. Na tuna za a ce ɗan Malam yana yawo da Kirista, suna ci a kwano ɗaya, labari ya koma Kano. Sai na ji bakina ya ce, "Yarona ne, Allah Ya gafarta Malam. Shi yake kula mini da keke."

Kabiru, ba wanda ya matsa mini. Tsohon ya tambaya ne don ya san inda zai zaunar da baƙo. Ni na zaɓa masa wurin.

Ka san yadda ake yi wa bara, haka aka yi masa. Aka nuna masa rumfar da ake ɗaure jakuna, aka ce ya kai kekuna can, ya shimfiɗa tabarmarsa kusa da su. Da lokacin alwala ya yi wani mutumin gidan ya miƙa masa buta ya ce, "Kai, kai wa maigidanka." Ya karɓa ya kawo ya ajiye a gabana. Ban iya ɗaga kai ba. Aka kawo tuwo da zakaran nan, na ci tare da liman, na ci har na ƙoshi. Abin da muka rage a akushi shi aka ɗauka aka kai masa, da shatin yatsunmu a jiki. Mutumin da ya haɗa keken da na hau, wanda ya ƙi shan ruwa sai ya yi mini faci.

Da safe na fito na tarar ya shafa wa kekunan mai, ya ɗaure kaya. Da muka bar garin na matso kusa da shi na ce, "Matiyu, ka san halin mutanen ƙauye. Dabara na yi don mu sami masauki." Ya ce, "Dabarar ta yi. An ba mu tuwo." Ya kaɗa wa wasu awaki ƙararrawa muka wuce. Ni kuma na ɗauka magana ta ƙare, tunda bai ɗaure fuska ba.

Da sau ɗaya ne da na ce tsautsayi. Na sake a gari na gaba, na sake a na gabansa, don na ga abin yana tafiya sumul. A zango na huɗu ban ma buɗe baki ba, muna isa ya karɓi kekena ya nufi turke da kansa. Wallahi daɗi na ji, na ce a raina Matiyu ya gane. Ina rubuta wannan ina mamakin wane irin mutum ne ya ji daɗin nan.

Da muka ƙetare gadar Makurɗi ƙasa ta juya. Babu zaure, babu liman, babu wanda ya san kakanka. Ko ruwa ban iya roƙa ba sai ya roƙa mini. Ranar da muka shiga garinsu mutane suka fito da gudu, mata suna rungume shi suna kuka. Ni ne a baya, riƙe da kekuna biyu, taguwata ta yi jawur da ƙasa. Wani dattijo ya nuna ni da sanda ya yi tambaya da harshensu. Ba sai an fassara mini ba, na san tambayar. Matiyu ya dawo ya karɓi kekunan ya jingine, ya kama hannuna ya kai ni gaban mahaifiyarsa, ya yi magana. Tsohuwar ta kama fuskata da hannu biyu. Akwai wani kawunsa da ya yi aikin reluwe a arewa, na tambaye shi me ya ce. Ya ce, "Ya ce kai ɗan'uwansa ne na Kano, abin da za a yi masa shi za a yi maka."

Ɗakin marigayi mahaifinsa aka share mini. Da aka fasa goro ni aka fara miƙa wa. Aka kawo akuya, ya ba ni wuƙa ya ce in yanka da kaina yadda addinina ya ce, duk gidan suka ci yankana. Mahaifiyarsa ta sayo sabuwar tukunya saboda ni. In an kawo bammi shi yake janye shi daga gabana tun kafin in yi magana. Ya share wani wuri a bayan ɗaki, ya tambaye ni ina gabas, ya hana kowa ratsawa in na ta da sallah. Kwana goma sha biyu ina gidan nan. Kowace rana sai in ce yau zan ba shi haƙuri, sai a kawo doya, in ci, in yi shiru.

Akwai wata ƙaryar kuma. Ina ce muku a keke muka dawo. A jirgin ƙasa muka dawo, kekuna a taragon kaya. Matiyu ya ce gwiwarsa tana ciwo, ni kuma na yarda don ni ma na gaji. Sai jiya na gane gwiwarsa lafiya lau take, zaurukan nan ne ba ya son sake bi. Da muka sauka a tashar Kano ya miƙo mini hannu ya ce, "Sai an jima, Malam Isa." Daga ranar na zama Malam a bakinsa. Ni sakarai har daɗi na ji, na ɗauka girma ne ya zo.

Haka muka tsufa. Ya zo sunanka, na je bikin sunan Obinna, in Sallah ta zo in aika masa nama, in Kirsimeti ta zo ya aiko shinkafa. Amma ka tuna ko sau ɗaya ka taɓa ganin ya ci abinci a zaurenmu? Kullum ya ƙoshi. Ka kuma tuna tashin hankalin nan da aka yi 'yan shekarun baya tsakanin unguwanninmu da Sabon Gari. Abin ya rutsa da shi a nan Fagge, ya kawo wa wani keke. Ƙofata ce mafi kusa da shi. Ya wuce ta, ya bi lungu har Rijiyar Lemo, ya shiga gidan wani mahauci da yake yi wa gyara, can ya ɓuya kwana uku. Da na ji har fushi na yi, na je na same shi ina faɗa. Ya ce, "Ban so in ɗora maka nauyi ba ne, Malam." Na koma gida ina cewa Matiyu akwai kara. Ban tambayi kaina ba me ya sa mutumin da ransa ke cikin haɗari ya ƙi buga ƙofata.

Jiya Talata na je rumfarsa don mu haɗa kai mu hana ku. Na same shi ya tsoma robar taya a kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita. Na ce, "Matiyu, ka ji abin da yaran nan suka shirya? Zamani ya lalace, hanya ba kamar da ba. Mu hana su."

Ya ce, "Bar su su je, Malam Isa. Na shirya Obinna."

Na ce wane irin shiri?

Ya ce, "Na ba shi faci da wayoyin ƙafar keke, na gaya masa inda ake samun ruwa. Na kuma gaya masa yadda ake yi a zaure. In sun isa ya karɓi kekuna ya tsaya daga waje, kada ya jira sai an tambaya, ya fi sauƙi ga kowa. In an ba shi buta ya kai. In an kawo saura ya ci ya gode. Na ce kada ya ji haushin Kabiru, haka hanyar take daga nan zuwa Binuwai."

Bai ɗago kai ba. Da muryar da yake gaya wa mutum tayarsa ta sace, da ita ya faɗa. Da zagina ya yi da na samu abin riƙewa. Na zauna a kan wani benci mai baƙin mai da farar rigata. Abin da na yi don in burge dattawan wani ƙauye, waɗanda duk sun mutu, ya zama darasin da uba yake koya wa ɗansa kafin tafiya, tare da faci da ruwa. Kuma sunanka aka sa a ciki, kai da ba ka yi komai ba.

Na ce, "Ashe kana riƙe da ni duk shekarun nan."

Ya ce, "Ban riƙe ka da komai ba. Abin da na gani a hanya nake gaya wa ɗana, kamar yadda na gaya masa inda gangare yake da haɗari."

Akwai mutum biyu a rumfar suna jiran kekunansu. Ban damu da su ba. Na ce masa na zalunce shi, na ce tsoron bakin mutane ne ya sa, na ce ya yafe mini don Allah. Shekara ashirin da wani abu maganar tana cikina, da ta fito ba ta kai minti ɗaya ba. Ya ajiye robar, ya goge hannu a tsumma, ya dube ni. Ya ce, "Na yafe tun kafin mu ƙetare Binuwai. Da ban yafe ba da ban kai ka gaban uwata ba."

Na ce, "To ka kira Obinna ka janye abin da ka gaya masa."

Ya sake ɗaukar robar tayar. Sannan ya ce, "Wannan ba a hannuna yake ba, Malam. Ko na janye, abin da ya gani shi zai yarda da shi."

Ka ga inda maganar ta tsaya, Kabiru. Ta fita daga hannunsa, ta fita daga nawa, ta faɗo naka. Ban so na bar maka irin wannan gado ba, amma shi na bari.

Ga abin da nake so. In kun isa gari, ku jingine kekuna a bango ku shiga tare, kafaɗa da kafaɗa. Kada ka jira a tambaye ka. Da ka faɗi sunanka da nawa, ka ce wannan abokina ne Obinna ɗan Matiyu, Kirista ne daga Sabon Garin Kano, tare muke ci, tare muke kwana. Kada ka laƙaba masa wani suna na Musulmi don a karɓe ku, ita ma ƙaryar ce ta sake riga. Yawancin masu zaure za su ce ku shigo, don baƙo baƙo ne a wurinsu, kuma na yi imani limamin nan ma da na faɗa masa gaskiya da ya sa an ƙara buzu. In wani ya ɓata rai, kada ka yi gardama da dattijo a gidansa. Ka yi godiya, ku ɗauki kekunanku ku nemi rumfar kasuwa ku kwana ku biyu, ku ci ƙuli-ƙulin Innarka. Yunwar kwana ɗaya ba ta kashe saurayi. Za ka ji kunya ta kama ka in idanun manya suka yi maka yawa, za ka ji bakinka yana neman hanya mai sauƙi. Na san wannan jin, jinina ne a jikinka, shi ya sa nake tsoro.

Ranar da kake karanta takardar nan, da yamma, a ƙofar zauren farko, za ka ga Obinna ya miƙo hannu zai karɓi kekenka ba ka ce masa komai ba. Zai yi shi da fara'a, don ubansa ya ce kada ya ji haushinka. Kada ka sakar masa keken.

Innarka tana gaishe ka, ta ce ka dinga cin abinci da zafinsa. Ƙannenka suna gaishe ka. In kun isa ka durƙusa ka gaishe mini da duk wanda ya rage a gidan nan, ka ce Isa na Kano bai manta da tukunyar ba.

Allah Ya sa ku fita a sa'a. Ya tsare gabanku da bayanku, Ya kare ku daga mota da maciji da zazzaɓi da mugun mutum, Ya haɗa ku da masu alheri a kowane zango. Ya ba ka ƙarfin zuciyar da ubanka ya rasa. Ya kuma ja kwanana in ga ranar da za ku dawo, Obinna ya shiga rumfa ya ce wa mahaifinsa, "Baba, ba haka hanyar take ba." Amin.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isa